Shirun da Aku Ya Cike

A sana'ar Aku, shiru laifi ne. Doka ce da ya koya tun yana saurayi, lokacin da ya fara zama gaban makirfo yana juya finafinan ƙasashen waje zuwa harshen da mutanen gari ke ji, kuma a kanta furfura ta same shi. In jarumi ya yi shiru a fim, masu kallo ba sa cewa tunani yake yi, cewa suke sauti ya ɗauke. Sai su hau bubbuga waya, su ƙure murya, su zagi wanda ya tura musu. Saboda haka Aku ba ya barin gurbi ko kaɗan. In mutum yana tafe a titi shi kaɗai, zai sa masa ƙorafi a baki kan takalmin da ya matse shi. In mace ta tsaya tana kallon teku, zai sa ta tambayi tekun ko ya ga mijinta. An taɓa kawo masa fim ɗin da kare ya zauna yana kallon ƙofa, ya ba karen jawabi har da gaisuwa ga 'yan unguwa. Daga ranar sunan Aku ya bi shi, har shi kansa in aka kira sunansa na gaskiya a asibiti sai ya waiga ya ga wa ake nufi.

Ɗakin aikinsa yana saman shagon masu gyaran waya, ana hawa ta wata matattakala da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. An lilliƙa kwalayen ƙwai da tsohon soson katifa a bango don kada hayaniyar titi ta shigo, amma in ka kasa kunne a finafinansa za ka ji mai gyaran waya yana rantsuwa a tsakiyar yaƙin sarakuna. Akwai fanka, sai dai dole a kashe ta in za a ɗauki murya. Akwai kuma Injiniya, abokin aikinsa mai haɗa sauti, wani ƙaton mutum mai sanƙo wanda kujerarsa ke kuka duk sanda ya yi dariya. Da kukan kujerar nan Aku ke auna aikinsa. In ta yi ƙara, fim ya yi.

Gari kaf ya sa dariya, amma mutum ɗaya ta gagare shi, kuma a gidansa take kwana. Ita ce Auta, 'yarsa mace tilo bayan maza biyu. Shi yana ce mata Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, ko da yake sunan kaɗai ta gada, don marigayiyar ko a barci magana take yi. Auta kuwa jarinta a gaban ubanta bai wuce "to" da "lafiya lau" ba. Ga shi ƙarshen wata za ta tafi makarantar koyon haɗa magunguna a wani gari mai nisa. Abin da ke hana Aku sakewa shi ne ya san yadda wayarsu za ta kasance: shi zai yi ta zuba har katin ya ƙare, ita ta ce "to, Baba," shekaru su wuce a haka har ta zama baƙuwa mai ladabi. Yana son yarinyar nan so mai ciwo. Amma da za a tsare shi a ce ya faɗi abin da take so a duniya, ƙirƙirowa zai yi, kamar yadda ya yi wa karen fim.

Wata safiya yana durƙushe a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi, sai ya ga ƙafafunta tsaye a gabansa. Ta miƙo masa memori a tafin hannu.

"Baba," ta ce. Ta ja numfashi. "Wannan... da ma..."

"Fim ne? Katun ne, ko? Irin naku na zamani da kuke cewa anime? So kike in fassara miki! Haba Uwata, ai kin zo gida. Shekara da shekaru ina yi wa 'ya'yan wasu, yau tawa ta kawo min aiki. An gama, kin ji? An gama!"

Ta buɗe baki, ta rufe.

"To," ta ce.

Aku ya sauka titi kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Har mai shayin bakin layi sai da ya ji labari.

Shi da Injiniya suka zauna suka kunna. Labarin wata 'yar makaranta ce mai idanu kamar faranti, gashi ya rufe mata rabin fuska, wadda in an tashi take tsayawa jera littattafai a ɗakin karatu. Tana son wani yaro da ke zama kusa da taga. Iyakar labarin ke nan. Aku ya yi ta jira a sace wani ko a harbi wani, ba a yi ba.

Aku mutum ne mai adalci in dai ba a gidansa ba, don haka ya ba masu zanen haƙƙinsu. Sun iya ruwan sama. Yadda ɗigo ke bin gilashin taga ya haɗu da ɗan'uwansa su gangaro tare, har Injiniya ya kai babban yatsa zai goge fuskar kwamfuta. Sun iya tururin shayi, sun iya hasken yamma a kan tebura da aka watse aka bari. Kiɗan ma ba ya hayaniya, yana shiga jiki a hankali. Kuma akwai ƙawar jarumar, wata mai gajeren gashi da ke zuwa makaranta a guje da burodi a baki, tana faɗa wa kowa gaskiya tsakanin ido da ido. Ita kam ta burge Aku.

"Wannan ya kamata a ba fim ɗin," ya ce. "Ita ce 'yar mutane."

Amma jarumar, wayyo Allah. In yaron ya ce mata ina kwana, sai fuskarta ta yi ja, ta sunkuyar da kai, a nuno takalminta, a nuno agogon bango, a nuno tsuntsu a kan waya, a dawo kanta, ba ta amsa ba. Duk sanda ta tattaro ƙarfin hali za ta yi magana, sai ƙararrawa ta buga, ko wani ya banko ƙofa. Yaron kuma, a ganin Aku, ba shi da maraba da labule: yana jikin taga, iska na kaɗa shi, ba ya cewa komai. Katun ɗin kashi-kashi ne, kuma akwai kashi guda cur da aka ƙarar a kan mayar da lema. Ya ara mata ranar ruwa, ta kai gida ta shanya ta ninke, ta zo da ita makaranta, ta koma da ita, ta sake zuwa da ita.

Injiniya ya nuna layin sautin yarinyar a kwamfuta, ya miƙe sambal babu ko tudu.

"Oga, dubi nan. Ko a asibiti aka ga layi haka, an kira 'yan'uwa."

"Marainiya ce," in ji Aku, yana cire riga. "Ba ta da mai yi mata magana. Kashe fanka."

Abin da ya biyo baya, in za a faɗi gaskiya, yana cikin aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, kuma wannan ne abin takaicin. Ya toshe hanci da yatsu biyu, ya siranta murya, ya ba yarinyar harshe mai kaifi. Inda ta sunkuyar da kai don an gaishe ta, ya sa ta ce, "Kai, gafara can, ka tare min iska. Gidanku babu taga ne?" Inda aka nuno takalminta, ya sa ta yi wa takalmin faɗa. Inda ta tsaya a bayan yaron rungume da lema, fuska ja wur, ya sa ta ce, "Ungo tsiyarka, duk yoyo take. Da kunnuwanka ka ara min, da sun fi tare ruwa." Kujerar Injiniya ta yi kuka har masu gyaran waya suka buga rufi da sanda daga ƙasa.

A tsakiyar aikin ya hango kansa a gilashin da ya raba shi da Injiniya: ƙaton tumbi a cikin singileti, gemu ya yi fari-fari, zufa na bin wuya, yatsa ɗaya a kumatu, yana karya murya kamar 'yar sakandare. Ya ce a ransa, kai dai dube ka, uban wasu. Amma ya ci gaba, don a ganinsa kowace kalma da ya cusa wa yarinyar nan kyauta ce yake naɗe wa 'yarsa.

Ranar Asabar da yamma ya tara gidan a falo. Ya juya kujeru suka fuskanci talabijin, ya sayo lemo mai sanyi, ya ba Auta kujerar tsakiya wadda shi yake zama. Matarsa, da kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta ajiye jan bironta ta zo. Yayyen Auta biyu suka baje a ƙasa.

Tun kashin farko samarin suka fara birgima. Babban yana dukan kafet, ƙaramin ya sarƙe da lemo. Malama ma ta yi dariya sau biyu, sannan ta kalli 'yarta ta daina. Shi Aku ba talabijin yake kallo ba, fuskar Auta yake kallo ta gefen ido, yana jiran kumatu su motsa. Ba su motsa ba. Ta zauna a miƙe, hannuwa a cinya, tana murza bakin mayafinta. Da aka zo wurin lema, muryarsa ta fito ta bakin yarinyar tana zancen kunnuwa, falon ya ɗauka, sai Auta ta miƙe a hankali ta ajiye kwalbar lemonta da ko buɗewa ba ta yi ba, ta shige ɗaki.

"Kun gani?" in ji Aku. "Dariya ta ci ƙarfinta, ta tafi ta yi a ɓoye. Kunya ce irin ta Uwata."

Shi ma da ya faɗa bai yarda da kansa ba.

Ya iske Malama a kicin tana wanke kofuna. Bai tambaye ta komai ba, ya dai tsaya yana buɗe firji yana rufewa.

"Baban su Auta," ta ce, ba ta juyo ba, "ita ta ce ka fassara?"

"Ita ta kawo min da hannunta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Da bakinta ta ce ka fassara?"

Ya sake buɗe firjin ya leƙa ciki.

"Ta daɗe tana gwada maganar a gabana. So take ta ce maka ka zo ku zauna ku kalla tare kafin ta tafi, ku biyu, yadda yake. Ta fi son katun ɗin nan a kan duk abin da ke cikin wayarta. Ta samu ta zo gabanka da ƙyar, ka fizge maganar tun ba ta fito ba."

"To ai da ta faɗa..."

"Yaushe? A ina ka bar mata wuri?" Malama ta kife kofi ta juyo. "Tun tana 'yar mitsitsiya kake mata fassara. Likita ya ce ina ke miki ciwo, ka ce ciki. Tela ya ce wane launi kike so, ka ce shuɗi. Ba ta son shuɗi, Baban su Auta. Kayanta rabi shuɗi ne. Yau kuma ka ɗauki yarinyar da take ganin kanta a jikinta, ka sa yayyenta suna mata dariya a tsakar falo."

Aku ya nemi abin cewa, ya samu guda biyar, duka na ban dariya. Karon farko a rayuwarsa ya ji kunyarsu. Ya rufe firjin ya fita.

Ranar Litinin ya riga Injiniya zuwa. Ya nemo katun ɗin na asali, wanda bai taɓa ba, ya ture makirfo gefe, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya kamar ɗan makarantar da aka hana wasa, ya kunna. Da farko azaba ce. Bakinsa na motsi shi kaɗai, barkwanci na taso masa kamar gyatsa. Amma a hankali ya fara lura cewa shirun yarinyar ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ta da abin cewa, akwai wanda abin cewar ya yi mata yawa ya cushe a ƙofa. Kuma masu zanen ba su bar mai kallo a duhu ba, da hannunta suke magana: babban yatsa na murza gefen littafi, ya tsaya, ya ci gaba. Duk wannan yana nan tun farko, muryarsa ce ta zauna a kai.

Da aka zo wurin lema ya ƙara sauti. Ashe layin bai miƙe sambal ba, akwai ɗan tudu ƙarami. Yarinyar ta ja numfashi, gajere, mai rawa. Aku ya san wannan jan numfashin. Ya ji shi a bakin ƙofarsa yana ɗaure takalmi, ya ji shi a ɗakin likita, ya ji shi a shagon tela, kuma kullum ɗauka yake an ba shi dama ne ya fara. Yaron da ya raina kuwa, ya san tana bayansa, amma bai juyo ya tsare ta ba, bai ce me kike so ba. Ya bar ta ta iso da kanta. Can da ƙyar ta miƙa lemar ta ce, "Na gode." Shi ke nan fa. Amma sai Aku ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Injiniya ya shigo ya same shi yana goge fuska da gefen riga.

"Oga, lafiya?"

"Zufa ce. Kunna fanka."

"Ai a kunne take."

"To ƙara ta." Ya ja hanci. "Kuma kada ka ɗauka na sauka daga bakana. Ƙararrawar nan ha'inci ce, don su ja labari suke buga ta. Rabin kashin da suka yi ɓata lokaci ne. Ƙawar nan har gobe ta fi ta jini a jika."

"To mu goge namu?"

"Ajiye shi inda ba zan gan shi ba."

Daga ranar Aku ya ɗauki aniyar yin shiru, kuma ya yi shi yadda yake yin komai, wato fiye da kima. Ya shigo gida ba waƙa, ba tsokanar maƙwabta. A wurin karin kumallo ya zauna daidai gaban Auta, ya haɗe leɓe, ya zaro ido, ya kafe ta da su yana jira ta yi magana. Yarinya ta ɗaga kai ta ga ubanta ya zuba mata ido kamar mai binciken ɓarawo, cokali ya suɓuce mata. Babban yayan ya ja ƙaramin gefe ya tambaye shi ko sana'ar Baba ta karye ne. Mai shayi ya aiko a tambaya ko an yi rasuwa. Auta kuwa ta ɗauka fushi yake da ita saboda ta tashi ta bar masa fim, sai ta koma cin abinci a ɗaki. Da can yana samun "to" a rana, yanzu ita ma ta ɗauke.

Malama ta taɓa goshinsa, ta ji ba zazzaɓi.

"Wai me kake yi ne haka?"

"Saurare nake," ya ce ta cikin haƙora.

"Allah ya shirye ka. Kai shirun ma da ƙarfi kake yin sa."

A haka watan ya ƙare masa a hannu, bai gyara komai ba sai ƙara ɓatawa. Ranar tafiya Malama ta yi sallama da 'yarta a gida, suka rungumi juna suka yi kukansu, ta wuce makaranta don tana da aji. Samarin suka loda akwati a tsohuwar motar uban. Shi ya kai ta tasha. A hanya ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar wani ƙarfe da ya daɗe yana cewa zai kai a ɗaure.

Motar garin da za ta je ba ta cika ba, sai an jira. Kwandasta ya ɗora akwatinta a sama ya ɗaure da igiya tare da na sauran mutane. Suka zauna a wani benci a ƙarƙashin rumfa, ita a wannan gefe, shi a wancan, bokitinta na roba a tsakanin ƙafafunsa, an cusa takalman wanka da kofi a ciki. Tashar cike take da abin magana. Ga wani mai kwat yana faɗa da akuya, ga wata mata da ta sayi kujera biyu ta ce ɗaya ta jakarta ce. A ranar da yake lafiya, da Aku ya tara jama'a a nan. Yau ya gaji. Ya gaji da magana, ya gaji da shirun ma, ya san ya fāɗi. Sai kawai ya sunkuya yana kallon bokitin, yana tunanin ko hannun zai kai ƙarshen zangon karatu bai tsinke ba.

"Baba."

Ta ja numfashi. Nan take bakinsa ya cika: ta manta caja, tana jin ƙishirwa, tana son ya gaishe da Mamanta. Ya cije su duka. Bai ɗago ba, don ya ji tsoron abin da idonsa zai yi.

Shirun ya yi tsawo har wani mai sayar da tabarau ya zo ya wuce.

"Yarinyar nan," ta ce. "Ta katun ɗin. Haushi take ba ni."

Saura kaɗan ya zame daga bencin.

"Ina kallonta ina cewa, ke, faɗa masa mana. Lema ce fa kawai." Ta ci gaba, muryar ƙasa-ƙasa. "Kuma fim ɗin yana ƙarya. Kowa jiran ta yake. Malamai na jira, yaron na jira, har ruwan sama sai ta gama yake ɗaukewa. A gaske ba wanda ke jira. Kafin ka haɗa maganar an wuce wurin."

Aku ya ƙura wa kofin da ke cikin bokiti ido kamar bai taɓa ganin kofi ba.

"Amma hannunta gaskiya ne. Da yadda maganar ke zuwa har nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ta tsaya. Wanda ya zana ya san abin. Shi ya sa na so ka gani. Na ce ko in ka gan ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya bari har ya tabbata ta ajiye maganar da kanta.

"Na gani, Uwata," ya ce. "A makare, amma na gani."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Tsoro nake ji, Baba. Ina jin haushi in ka amsa min magana, wallahi ina ji. Amma can ba wanda zai amsa min ko da ba daidai ba. In aka tambaye ni abu na tsaya, haka zan yi ta tsayuwa." Ta murza bakin mayafinta. "Kuma akwai wani abu da na daɗe ina so in..."

"Mota ta cika!" Kwandasta ya buga jikin motar da tafin hannu. "'Yan mata mai akwati ja, ke kaɗai ake jira! Taso, taso!"

Auta ta miƙe zumbur. Aku ya ga bakin ya rufe, ya ga fuskar ta koma irin wadda ya sani, mai ladabi, wadda ba a karanta komai a kanta. Ta kai hannu za ta ɗauki bokiti. Ya riƙe.

Ya tashi, ya saki muryar nan da ya yi kwana da kwanaki yana dannewa, ta fito gaba ɗayanta har akuyar ta daina faɗa.

"Kwandasta! Sauke akwatin nan."

"Haba Baba, an riga an ɗaure!"

"Kwance. Za ta bi ta gaba."

"Me ya faru? Mantuwa aka yi?"

"Ba ta gama magana ba."

Wani daga cikin motar ya gane muryar ya ce, "Kai, Aku ne!" Fasinjoji suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasa ne, suna jira ya ƙara musu. Bai ƙara ba. Ya tsaya ƙyam har kwandasta ya hau sama yana ƙunƙuni, ya kwance igiyar, ya zuro akwatin. Matar nan mai kujera biyu ta ja tsaki ta ce tsofaffin yanzu ba su da aikin yi. Aku ya ce mata gaskiyarta ne. Ya jawo akwatin ya dawo da shi bakin benci, ya zauna a gefensa yana haki.

Auta ta rufe fuska da mayafi, kunnuwanta kamar za su kama da wuta.

"Baba, ka tara min jama'a."

"Na sani. Yi haƙuri, ban iya yin abu a hankali ba. Zauna. Ba sauri."

Ta zauna, wannan karon kusa da shi, har kafaɗarta na taɓa tasa. Motar ta tashi ta bar musu hayaƙi. Motar da ke bin layi ta gyara tsayuwa, direban ya buɗe ƙofofi ya tafi neman shayi. Ko fasinja ɗaya ba ta samu ba tukuna, kuma Aku bai taɓa murnar ganin motar da babu kowa a ciki ba irin ta ranar.